Ranar Da Na Soya Digirin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na soya digirin surukina a kasko, na barbaɗe shi da yaji, sannan na kira mai digirin na ce ya zo mu ci. Ni dai wauta ba baƙuwata ba ce. Na taɓa sayen rediyo a tasha, na zo gida na buɗe kwali na tarar da bulo. Na taɓa zuwa ta'aziyyar mutum na same shi a ƙofar gida yana alwala. Amma waɗannan duk ni suka ci. Wannan kuwa a kan wani ta ƙare, yaron da ko ido bai taɓa haɗawa da ni ba.

Ni tsohon direban babbar mota ne, Kano zuwa Maiduguri, har ƙarfi ya ƙare. Boko aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Abin da ya kai ni Kuala Lumpur ido ne. Yanar ido ta rufe min na dama, na hagun ma ya fara hazo, sai autata Bilkisu da ke aure a can ta matsa sai na je an kankare min. Mijinta Nura yana karatun digiri na uku da tallafin gwamnati. Aka yi aiki lafiya, ido ya buɗe tar. Ina haɗa kayan komawa gida ke nan korona ta sauka. Aka rufe filin jirgi, aka rufe kasuwa, aka rufe har masallaci. Baƙon 'yan makonni ya zama ɗan gida.

Gidan nasu a unguwar Danau Kota yake, can saman wani bene da sai lif ke ɗaga mutum ya kai shi, idan ka leƙa ƙasa sai ka ga motoci kamar ƙwaro. Ɗaki biyu da falo, sai wata 'yar baranda a bayan kicin inda ake shanya. Wanda bai taɓa kwana gida ɗaya da surukinsa ba, ba zai san irin ƙuncin da nake faɗi ba. Nura ya koma yawo a gidansa kamar ɓarawo. Idan ina falo, a sunkuye yake wucewa. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, in amsa ina kallon bango. Bai taɓa sa loma a bakinsa a gabana ba, a kicin yake ci a tsaye. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ban taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Namiji da gemunsa yana rataya jakar makaranta a baya, ni a wajena wannan bai fara rayuwa ba. Idan zan yi maganarsa sai in ce wa Bilkisu "mijinki", idan raina ya ɓaci in ce "wannan yaron".

Ana gobe za a rufe jami'arsu ya shigo da wani babban akwatin roba mai huji-huji, ya rungume shi kamar jariri, ya kai barandar nan. Daga ranar ya samu abin yi. Kullum bayan asuba yana can, yana yanka ganye, yana fesa ruwa, yana leƙawa. Dokar kulle ta ce mutum ɗaya ne zai fita cefane a kowane gida, shi ke fita, kuma na lura kafin ya ajiye shinkafa sai ya fara kai ganyen nan baranda. Mutumin da ya saba ratsa jihohi, aka kulle shi a falo, me ya rage masa in ba sa ido ba? Wata rana yana wanka na lallaɓa na ɗaga murfin.

Fara ce.

Ban taɓa ganin fara irin wannan ba ko a Maiduguri. Manya, masu ƙiba, kore da ruwan ɗorawa, kowace tsawon yatsana na tsakiya. An raba akwatin gida-gida, kowace fara da ɗakinta kamar a otal, kuma kowace da ɗigon fenti a gadon baya, wata ja, wata shuɗi, wata fari. (A raina na ce ƙasar da ta ci gaba ta ci gaba, har fararsu da kwalliya take zuwa.) Yawuna ya tsinke. Na samu Bilkisu a kicin na ce, "Auta, ashe akwai fara a gidan nan ake ba ni taliya kullum?"

Ta juyo da sauri duk da nauyin cikin da take ɗauke da shi. "Baba, don Allah kar ka taɓa. Na karatun Malam ne."

"Karatun fara?"

"Wallahi, Baba."

"To mu da muka ci buhu-buhu, me ya sa ba a ba mu ko satifiket ba?"

Ta yi dariya, ni ma na yi, maganar ta wuce a haka. Amma a zuciyata na riga na yanke hukunci: yaron nan marowaci ne, kiwata su yake yi don Sallah, matarsa kuma tana rufa masa asiri kamar yadda 'yar kirki ke yi. Tambayarsa kuwa ba ta taso ba. Ina ni ina tsayawa hira da suruki a kan abin kwaɗayi?

Akwai kuma ranar da na fito na same shi a gaban kwamfuta. Wani hoto ne toka-toka yake motsi a fuskarta, wasu abubuwa kamar 'yan jakunkuna suna kumbura suna saɓewa. Na taɓa ganin irin hoton da ake yi wa masu ciki a asibiti, saboda haka na tsaya a bayansa na ce, "Masha Allahu. Allah ya raba lafiya. Kai, wannan kan gidanmu ya ɗauko." Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Baba." Ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai bayan aikin gama ya gama Bilkisu ta zaunar da ni ta karanta min shi kamar ɗan aji ɗaya, shi ne wannan. Eksiren asibiti da muka sani ƙashi yake nunawa, saboda ƙashi ne ke tare hasken. Tsoka da iska kuwa ratsa su yake yi kamar ba sa nan. Na su Nura ba abin da ya tare haske yake dubawa ba, ɗan karkacewar da hasken ke yi idan ya ratsa abu, ita yake aunawa. Ta ce in tuna yadda kwalta ke rawa da tsakar rana, ka hango mota tana lanƙwashewa alhali iska ce kawai mai zafi a tsakaninku. Wannan na gane shi nan take. Kuma ba hoto ɗaya suke ɗauka ba, a jere suke ɗauka da sauri har ya zama fim, abin yana raye, ba a yanka shi ba, ba a kashe shi ba. Ashe fara ba ta hanci take numfashi ba, wasu 'yan ƙofofi gare ta a gefen ciki, da jakunkunan iska masu buɗewa da rufewa kamar zugazugin maƙeri. Jikan da na yi wa addu'a a kwamfuta, har na ce ya ɗauko kan gidanmu, cikin fara ne.

Fatan su Nura shi ne, idan na'urar tasu ta iya ganin yadda iska ke shiga cikin fara, wata rana ta ga yadda take shiga huhun bakwaini, ko na tsohon da numfashi ke gagara. Waɗannan farin na baranda kuwa tun suna ƙwai Nura yake bin su. Fentin nan sunayensu ne. Duk sanda suka yi saɓa sai ya kai su a ɗauke su hoto a na'urar, a ga yadda numfashin kowace ya canza da girmanta. Saura ɗauka ta ƙarshe, ta bayan sun gama girma, kulle ya zo. Idan babu ta ƙarshen, duk na bayan kamar titi ne da aka shimfiɗa wa kwalta aka bar gada. Garke biyu sun riga sun mutu masa kafin wannan. Tallafinsa kuma ƙarshen shekara zai yanke, bizarsa da ta matarsa duk a jikinsa suke rataye. Wannan shi ne abin da ke cikin akwatin da nake haɗiyar yawu a kansa.

Sai azumi ya kama, Kano kuma ta fara binne dattawanta. Kowace safiya waya ta yi ƙara, kowace ƙara da sunan wanda na sani. Limamin unguwarmu. Mai shayin tasharmu. Wanda ya ɗinka min rigar aure. Har na koma idan wayar ta yi haske sai in kife ta. Ranar da ɗan aminina Sule ya kira, tun kafin ya gama sallama na gane. Ya ce numfashi ne ya gagare shi, sun yi ta yawo da shi a mota ana neman inda za a karɓe shi, a motar ya cika.

Ni da Sule tare muka koyi tuƙi a hannun ubangida ɗaya. Tun muna samari kwano ɗaya muke ci, a gefen titi, a ƙarƙashin mota, daga baya a dakalin ƙofar gidana. Idan muka sauka Damaturu shi ke sayen fara a ƙunshin takarda, ya zube ta a kan bonet, mu ci muna zagin juna. Ya kan ce ni ba direba ba ne, mota ce kawai take jin tausayina. Aka wanke Sule, aka sallace shi, aka rufe shi, ni ina zaune a saman bene a wata ƙasa ina kallon ruwan sama yana dukan gilashi. Babu tabarmar makoki, babu mai shigowa ya zauna kusa da kai ya yi shiru. Nura ya zo bakin ƙofa ya durƙusa ya ce, "Allah ya jiƙansa, Baba, ya ba da haƙuri." Na ce amin. Sannan ya tashi ya koma.

Abinci ya daina shiga. Bilkisu ta yi tuwo, ta yi kunu, ta sa mijinta ya yi min tapau daga shagon abincin Indiyawa Musulmi, da suke ce wa mamak, na ƙasan bene, wato a ƙunso maka ka tafi da shi gida. In sha ruwa in ture kwanon. Ba ciwo nake ba. Ban dai iya cin abinci ni kaɗai ba ne, ban kuma san haka ba sai da Sule ya tafi.

Ana cikin goman ƙarshe ranar awon Bilkisu ta zo. Cikin ya tsufa, dole mijinta ya raka ta. Suka sa takunkumi suka fita bayan azahar, suka bar ni ni kaɗai a gidan, karo na farko tun da aka kulle mu. Na zauna. Na kwanta. Na tashi na shiga kicin ba tare da na san abin da na je nema ba, sai na ji ƙaf-ƙaf ɗin farin nan a jikin akwatin roba. Malamai sun ce a watan azumi ana ɗaure shaiɗanu. Saboda haka abin da ya biyo baya aikina ne ni kaɗai, ba ni da wanda zan laƙa wa.

Na tafasa ruwa. Na buɗe ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya na juye su a ciki. Na tsame, na zauna a ƙasa na fige fiffike da ƙafafu kamar yadda matan Maiduguri ke yi. Fentin ya ɗan ba ni wahala, da farce na bi na kankare, ina mita wai mutanen ƙasar nan ba su san abinci ba. Babu rana balle in shanya, sai na busar da su a busasshen kasko, sannan na zuba mai. Gishiri, ɗan lemon tsami, da yajin ƙuli da na taho da shi daga gida. Ina juyawa ina hawaye, ina yi wa Sule magana a fili. Na ce, "Ga ta nan, ɗan banza, ka tafi ka bar ni da ita." Ko ɗaya ban rage a akwatin ba. A lissafina ma alheri na yi: na raba yaro da rowa a wata mai alfarma.

Dab da magariba suka dawo. Bilkisu ta shigo da hannu a baki, ƙaurin mai ya tayar mata da zuciya, ta wuce banɗaki ba ta ko kalli inda nake ba. Nura ya tsaya a bakin ƙofa. Ina zaune a tabarma, kwano a gabana, an tula su jawur. Ya kalli kwanon. Ya kalli ƙofar baranda da na bari a buɗe. Ya cire takunkuminsa a hankali ya riƙe a hannu. Wayarsa ta fara kiran salla.

Na ce, "Nura, zo nan. Wanke hannu ka zo mu ci."

Bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne? Yau babu cin tsaye a kicin. Zauna."

Ya je ya wanke hannu, ya dawo ya durƙusa a gefen tabarma. Na miƙa masa dabino, ya karɓa da hannu biyu. Sannan na zaɓo wadda ta fi kowace ƙiba na miƙa masa. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, yana juya ta a yatsunsa.

"Ci mana, ai taka ce," na ce. "Kana ta ɓoyo kamar za a gada. Rowa ba kyau, ɗana."

Ya yi bisimilla ya sa a baki. Ina jin ƙarar taunar. Na tura masa kwanon, ya ƙara ɗauka. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce, "Yajin ya yi maka yawa ko? 'Yan boko ba ku da baki." Ya ce, "A'a, Baba." Muka ci gaba da ci, ina ba shi labarin Sule, da yadda muka taɓa kwana uku a daji da karyayyen aksul, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyin mota. Rabon da in ci abinci haka tun kafin rasuwar. Har na lashe yatsu.

Muna kusa da gindin kwano Bilkisu ta fito tana goge fuska. Ta tsaya. Ta kalli kwanon, ta kalli mijinta, ta wuce baranda. Na ji ta ɗaga murfin akwatin, na ji ta mayar. Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta jingina da bango ta ce, "Baba, jibi zai mayar da su. Yau muna asibiti saƙo ya zo, an ba shi izinin shiga ɗakin gwaji. Jibi ne ɗauka ta ƙarshe."

Na ce, "Ɗaukar me?"

A nan ne ta zauna ta yi min karatun da na faɗa muku. Nura ya tashi tun ba ta yi nisa ba, ya ɗauki kwanon ya kai kicin. Ina jin sa yana wanke shi.

Na ɗauka kunya ta ƙare a nan. Ashe da saura. Washegari da hantsi yana da ganawa da malamarsa ta kwamfuta, wata farfesa 'yar ƙasar, dattijuwa mai gilashi da ɗankwali. Ina ɗaki kwance na juya wa ƙofa baya, ina jin Turanci yana tashi a falo. Bilkisu ta shigo ta zauna a bakin gado tana share ido. Na tambaye ta me yake cewa. Ta ce, "Farfesa ta ce ya nuna mata su. Ya ce sun mutu. Ya ce laifinsa ne, shi ya yi sakaci da murfin."

Yaro yana azumi, yana shirga ƙarya a goman ƙarshe don ya rufa wa tsohon banza asiri. Ban san sanda na miƙe ba. Daga ni sai singileti da zanen da na ɗaura, na fita falo na tsaya a bayansa, na sunkuya na cusa fuskata a gaban kwamfutar. Na ɗauka matar ce kaɗai. Ashe duk ɗaliban sashen suna nan, kowa a ɗan akwatinsa, fuskoki sun cika allo, 'yan Sin, Indiyawa, Larabawa, har da wani ɗan Katsina da nake gani a masallaci kafin kulle.

Turancina bai wuce na shingen 'yan sanda ba. Malayanci kuwa kalma ɗaya na riƙe, ita ma don ta shafi ciki ce. Na bugi ƙirjina. Na kwatanta fara tana tsalle da yatsu biyu. Na kwatanta kasko, na juya ludayi a iska, har da ƙarar mai na yi da baki. Sannan na kai hannu baki na ce, "Makan." Wato ci. Na sake bugun ƙirji don kar a yi kuskuren mai laifi. "Makan."

Na ga wata yarinya ta rufe baki da hannu, akwatinta ya yi baƙi. Ɗan Katsinan nan ya sulale daga kujerarsa har ya ɓace daga hoton, sai saman hularsa kawai nake gani tana girgiza. Farfesa ta cire gilashinta ta goge, ta mayar, ta yi tambaya a hankali. Bilkisu ta fassara daga bayana: "Wai duka?"

Na ce, "Ki ce mata duka."

Ta sake tambaya. "Wai kai kaɗai?"

Na kalli ƙeyar Nura. Kunnuwansa kamar za su yi magana. Na ce, "Ki ce ni kaɗai." (Ga ni nan ni ma na shiga sahun masu ƙarya da azumi.) Sai kuma tsoro ya kama ni, na ce a tambaye ta ko hasken da aka yi ta haska musu zai yi min illa a ciki. Ku duba fa, na rushe wa mutum aikin shekaru, abin da ya dame ni tumbina. Matar ta ce hasken ba ya zama a jiki, in kwantar da hankalina. Ta yi min ta'aziyyar abokina, ashe Nura ya taɓa faɗa mata. Daga nan ta juya kansa ta yi magana mai tsawo, muryarta a sanyaye. Wannan ban nemi fassara ba. Ko kurma ya san ana cewa a koma farko.

Na yi ƙoƙarin gyara, irin gyaran da ya fi ɓarna ban haushi. Da aka ɗan sassauta kulle na sauka da leda na bi ciyawar bakin wani tafki da ke unguwar, tsoho da furfura yana tsalle yana dafe ƙasa, masu gadi suna kallona. Na kamo 'yan ƙanana guda nawa na kawo masa. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da yamma na hango shi ta taga yana sakin su a ciyawa. Bilkisu ta ce, "Baba, ba fara ce ta yi wuya ba. Waɗancan an san jiyansu."

Bilkisu ta haihu bayan Sallah, mace. Aka raɗa suna mu uku a falo, 'yan uwa suna kallo ta waya. Nura ya samo sabon ƙwai ya fara daga tushe, aka sake kulle gari, wasu suka mutu, ya sake farawa. Wa'adin tallafi ya zo ya wuce, takardun neman ƙari suka tafi ba su dawo ba. Gidan Danau Kota ya fi ƙarfinsa. Shawarar da ta rage ita ce matarsa da jaririya su biyo ni gida, shi ya koma ɗakin ɗalibai ya raba da wasu. Ya gama digirin daga baya, Allah ya sa, amma sai da 'yarsa ta yi ƙafa ta fara magana ba ya nan. Ranar da ya dawo Kano ya miƙa mata hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan rigata. Wannan ma a cikin kwanon nan na ci shi.

Darasin da na samu ba mai yawa ba ne, daidai kan mai aji uku. Duk abin da ka ga mutum yana ciyarwa safe da yamma bai taɓa kai shi baki ba, tambayi mai shi kafin ka ɗora kasko. Kunyar suruki kuma ado ce, na yarda, amma mu mun yi mata yawa har ta cinye mana gida. Tambaya ɗaya daga gare ni, ko "a'a" ɗaya daga gare shi, da farin nan sun mutu da tsufa.

A filin jirgi, ranar da za mu taho, Bilkisu ta tafi canza wa jaririya ƙunzugu ta bar mu mu biyu a tsaye, kowa da takunkumi, kaya a tsakaninmu. Na yi watanni ina shirya ban haƙurin da zan yi masa. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, a dai riƙa cin abinci." Ya durƙusa a tsakiyar mutane kamar yadda ya saba, ya yi min addu'ar sauka lafiya. Da ya miƙe sai ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya faɗi wata magana da ban amsa ba a ranar, aka kira jirginmu na ja akwati na wuce. Yanzu gidansa ba nisa da nawa, duk Juma'a yana zuwa gaisuwa, har yau kuma ban amsa masa ba. Ga abin da ya ce min:

"Baba, tun daga bakin lif na ji ƙamshin, na san su ne. Da zan yi magana da na yi. Amma tun da ka ba ni aure, ranar ce ka fara kiran sunana."